Me ofishin jakadanci zai iya yi wa ƙaramin mai fitar da kaya da mai son jawo baƙi?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Ina harkar zoɓo da riɗi a Dawanau, na daɗe ina sayar wa masu fitarwa waje. Yanzu na yi rajistar kamfani, ina so in fara fitarwa da kaina. Ƙanena kuma yana da ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye, burinsa ya riƙa kawo baƙi kallon hawan sallah. An ce mana ofisoshin jakadancin Najeriya suna taimakawa. Na aika saƙo ga guda uku, har yau shiru. Da gaske ne suna taimakawa? In haka ne, ta ina ake bi?"

Alhaji, da gaske ne, kuma ba alfarma ba ce, aikinsu ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta tsara huldar jakadanci a duniya, ta sa haɓaka dangantakar tattalin arziki da al'adu cikin ayyukan ofishin jakadanci, ta 1963 kuma ta ɗora wa ƙananan ofisoshi, wato na kansul, haɓaka huldar kasuwanci. Sai dai ita yarjejeniyar 1961 ɗin ta hana jami'in diflomasiyya yin sana'a ko kasuwancin da zai amfani aljihunsa a ƙasar da aka tura shi. Ka riƙe wannan da kyau, domin daga nan yawancin rashin fahimta yake tasowa. Jami'in ba dillali ba ne, ba zai sayar maka da kaya ba, ba zai tsaya maka a ciniki ba, ba shi da la'ada. Duk wanda ya ce maka shi ma'aikacin ofishin jakadanci ne, zai haɗa ka da mai saye in ka ba shi kaso, ko dai ƙarya yake yi ko yana karya doka, kuma ranar da abu ya lalace ba za ka sami inda za ka kai ƙara ba.

Abin da ofishin yake da shi wanda kai ba ka da shi abu biyu ne: yana zaune a garin, kuma yana magana da sunan gwamnati. Da ɗan gari a kan ci gari. Duk wani amfani da za ka samu daga ɗayan biyun nan zai fito.

Mu fara da shirun da ka ji. Najeriya tana da ofisoshi sama da 100 a duniya, amma kaɗan ne a cikinsu suke da jami'in da ba shi da wani aiki sai kasuwanci. A mafi yawansu ma'aikaci ɗaya ne daga Ma'aikatar Harkokin Waje yake riƙe da teburin tattalin arziki da ciniki, a haɗa masa da wasu ayyukan, kuma bayan 'yan shekaru a sauya masa wuri. Wani ofishin ma ƙasashe uku ko huɗu yake kula da su daga birni ɗaya. Ƙari a kan haka, a Satumbar 2023 gwamnati ta kira jakadunta gida, ofisoshi suka daɗe a hannun muƙaddasai, ga kukan ƙarancin kuɗin gudanarwa. Mutumin da yake cikin wannan hali, in ya buɗe saƙo ya ga "ina da zoɓo mai kyau, a taimaka a nemo mini mai saye", ba shi da abin da zai yi da shi. Bai san ko kamfanin na gaske ne ba, bai san yawan kayan ba, bai san ko za su wuce gwaji ba. In ya miƙa sunanka ga wani kamfani aka sami matsala, sunan ofishinsa ne ya ɓaci. Shi ya sa yake yin shiru.

Don haka aikin farko a gida yake. Bayan rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji, kana buƙatar takardar shaidar mai fitar da kaya daga Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, wadda aka kafa a 1976 kuma tana da ofishi a Kano. Kana buƙatar asusun kuɗin waje na kamfani, domin kowace fita sai ka cike fom ɗin NXP ta bankinka, kuma ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180 daga ranar da jirgi ya ɗauka. Akwai harajin duba kaya na rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu a bakin jirgi. Takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita, take fitowa, kayan da aka sarrafa aka ƙunshe kuma sai da takardar NAFDAC. Takardar shaidar asalin kaya ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa NACCIMA ake samunta. Sannan abin da mutanenmu suka fi rainawa, alhali shi mai saye yake fara tambaya: sakamakon gwajin ɗakin bincike da aka amince da shi a waje.

In waɗannan sun kammala, ka rubuta wasiƙa a takardar kamfani, zuwa ga shugaban ofishin, ka nuna cewa ta teburin tattalin arziki da ciniki ce. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ka faɗi kayan da lambarsu ta kwastan ta duniya: riɗi 1207.40, citta da ba a niƙa ba 0910.11, ƙaro 1301.20, zoɓo kuma yawanci a ƙarƙashin 1211.90 ake shigar da shi. Ka faɗi abin da za ka iya cikawa a wata ba tare da ƙari ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi kusan tan 19, mai ƙafa 40 kuma zoɓo kusan tan 12 saboda rashin nauyinsa. In kwantena ɗaya za ka iya a wata biyu, ka ce ɗaya. Ka rubuta ingancin kayan da alƙaluma: tsaftar riɗi kashi 98 ko 99, danshi kada ya wuce kashi 6 zuwa 7, yawan mai, irin buhu da nauyinsa, tashar da za a yi lodi, da sharaɗin biya. Ka haɗa kwafin takardunka da hotunan kaya da na sito. Daga nan sai ka nemi abu ƙayyadadde wanda mutum ɗaya zai iya yi a mako guda: sunayen ƙungiyoyin masu shigo da irin kayan a ƙasar, ko sunan hukumar da take ba da izinin shigowa da sharuɗanta na yanzu, ko a tabbatar maka cewa kamfani kaza da ya tuntuɓe ka yana nan a adireshin da ya bayar. Ka tura kwafi ga NEPC, in da hali ma ka sa su ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano su rubuta maka wasiƙar gabatarwa. Wasiƙar da ta biyo ta hannun wata hukuma ana buɗe mata fayil, kuma abin da aka buɗe wa fayil sai an amsa shi. Bayan mako biyu ka bi sawu da waya.

Ka kuma duba inda kake aikawa. Sau da yawa ƙaramin ofishi ya fi babban amfani ga ɗan kasuwa, domin shi ne yake zaune a garin ciniki: Jidda, Dubai, Guangzhou, Frankfurt, New York, Atlanta, Johannesburg. Jami'in da yake Abu Dhabi ko Beijing hankalinsa ya fi karkata ga huldar gwamnati da gwamnati.

A cikin waɗannan ƙananan hidimomi, tabbatar da mai saye ita ce na fi so ka ba muhimmanci. Damfara ba daga wajenmu kawai take fita ba, tana shigowa. Akwai "kamfanonin" da za su aiko maka da oda mai tsoka, sannan su ce sai ka biya kuɗin rajista da wata hukuma a ƙasarsu ta hannun lauyansu. Akwai masu karɓar kaya su ɓace. Jami'in da yake garin zai iya duba rajistar kamfanoni, ya kira ƙungiyar 'yan kasuwar wurin, wani lokaci ma ya je ya ga ginin da idonsa. Amma iyakar abin da zai ce maka shi ne kamfanin yana nan. Ba zai ce maka zai biya ba. Wannan sharaɗin biyanka ne zai kare ka: kafin alƙalami na kashi 30 ko abin da ya yi kama da haka, ragowar kuma sai an biya banki zai saki takardun kaya, ko kuma takardar lamunin banki wadda wani banki mai ƙarfi ya tabbatar. Kada ka saki takardar jirgi ta asali ga wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba alhali kuɗinka ba su shigo ba.

Sai batun hatimi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe, saboda haka in mai saye ko kwastan ɗin ƙasarsa suka nemi a tantance takarda, kamar ta rajistar kamfani ko ta wakilci ko ta asalin kaya, hanyar tana da hawa biyu: Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin, sannan ofishin jakadancin ƙasar da kayan za su je ya buga nasa. Wasu ƙasashen Larabawa sun fi tsananta wannan, kuma sukan nemi fassara. Ka tambayi mai saye tun kafin lodi wace takarda ce take buƙatar hatimi. In kaya suka isa tasha takardu suna Abuja suna jiran sa hannu, kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi da na tasha suna hawa kullum, kuma a ƙaramin ciniki mako biyu zuwa uku sun isa su cinye ribar kwantenar gaba ɗaya.

Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne. Babban aikin diflomasiyya ga mai fitar da kaya shi ne buɗe ƙofar ƙasa baki ɗaya, ko sake buɗe ta bayan an rufe, kuma zoɓon da kake sayarwa shi ne misali mafi kusa. Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, domin su ma suna jiƙa shi su sha kamar mu. Da masu binciken tashoshinsu suka sami ƙwaron ajiya da ake kira khapra a cikin wasu kwantenoni, sai suka dakatar da shigar zoɓon Najeriya gaba ɗaya, ba na kamfanin da aka kama kaɗai ba. Abin ya ɗauki shekaru, farashi ya faɗi, manoman Jigawa da Kano da Katsina da ba su taɓa ganin kwantena ba su ma suka ɗanɗana. Babu wani ɗan kasuwa, komai girmansa, da zai iya ɗage irin wannan takunkumi. Sai da NAQS ta zauna da takwararta ta Meziko, SENASICA, ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu suna kai da kawo tsakani, aka amince da tsarin aiki: yadda za a turara kaya da maganin kashe ƙwari, a wuraren da aka tantance, a ƙarƙashin sa ido, kafin a rufe kwantena. Ma'anar wannan gare ka ita ce, in Meziko kake nufi, tambayar farko ba "wa zai saya" ba ce. Ka je NAQS ka tambayi sharuɗan da suke aiki yau da wuraren da aka amince a turara kaya, domin zoɓon da bai bi ta nan ba ba zai shiga ba ko da mai saye ya biya.

Wake kuma ya nuna iyakar diflomasiyya. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari dichlorvos da aka riƙa samu a ciki. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, abin da aka riƙa samu kuwa ya ninka haka sau da yawa. An yi ta tsawaita haramcin. Ba don jakadu ba su yi magana ba ne. Turai hujja take nema cewa an gyara yadda ake ajiya da yadda ake gwaji, kuma muddin ana zuba wa wake maganin da ba na abinci ba a sito, babu zaman da zai ɗage shi. Jakada yana iya samo wa ƙasa dama a saurare ta, amma abin da za a nuna a teburin daga sito da gona yake fitowa. Riɗinmu ma yana cikin kayan da Turai take ƙara wa bincike a bakin iyaka saboda ƙwayar salmonella, wadda galibi daga shanya a ƙasa, kashin tsuntsaye da na ɓera, da buhunan da aka taɓa amfani da su take shiga. Japan, wadda take cikin manyan masu sayen riɗin, ta fi tsananta ragowar maganin feshi. Citta kuwa gubar fumfuna da ake kira aflatoxin ce matsalarta in ba ta bushe sosai ba: iyakar Turai microgiram 10 ce a kilo gaba ɗaya, nau'in B1 kuma 5. Shi ya sa na ce gwaji kafin komai, kuma a ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ba daga buhu ɗaya da aka zaɓa ba.

Haka kuma mai kilishi ba zai iya aika kayansa Amurka ko Turai ta hanyar kasuwanci ba, komai kyan ƙunshinsa, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka amince a shigo da nama daga gare su. Sin ma tun farkon 2022 ta wajabta wa masana'antun abinci na waje yin rajista da hukumar kwastan ɗinta, wasu nau'o'in ma sai hukumar ƙasarsu ta gabatar da su. Irin waɗannan ƙofofi gwamnati ce take ƙwanƙwasa su, kuma gwamnati ba ta motsawa saboda mutum ɗaya. Ka shiga ƙungiyar masu fitar da irin kayanka. In kwantena goma na mutum goma suka maƙale kan dalili ɗaya, ƙungiya ta rubuta da lambobin kwantenonin da kwanan wata da takardar ƙin karɓa, ma'aikata ta tura wa ofishin jakadanci, ofishin ya aika takardar hukuma ga ma'aikatar wajen ƙasar. Haka ƙorafin ɗan kasuwa yake zama maganar ƙasa da ƙasa. Ka tuna lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, jirgin Emirates ma ya daina zuwa. Har sai Yulin 2024 aka dawo da biza, jirgin kuma ya dawo a Oktoba. A tsakanin nan mai son zuwa baje koli a Dubai ba shi da yadda zai yi, kuma ba a kasuwa aka warware ba, a teburin gwamnatoci ne.

Akwai ɓangaren da mutane suke mantawa da shi, alhali ya fi kusa: ofisoshin ƙasashen waje da suke nan gida. Aikinsu na farko sayar da kayan ƙasarsu ne, amma wasu ƙasashe suna da hukumomin da aka kafa musamman don taimaka wa ƙananan kamfanonin ƙasashe masu tasowa su shiga kasuwarsu. Holan tana da CBI, wadda take wallafa bayanan kasuwar Turai kyauta kan kaya ɗaya-ɗaya. Jamus tana da ofishin wakilcin 'yan kasuwa da masana'antunta a Legas, Japan ma hukumarta ta cinikin waje, JETRO, tana da ofishi a can. Birtaniya ta fara wani tsarin sassauta haraji ga ƙasashe masu tasowa a Yunin 2023, Najeriya tana ciki. Kafin ka dami kowa da tambayar harajin shigarwa, ka duba shafukan intanet na Trade Map da Market Access Map na Cibiyar Ciniki ta Duniya da ke Geneva, da Access2Markets na Turai. Da lambar kayanka za ka ga ƙasashen da suke saye da harajin da ake ɗorawa. In ka zo wa jami'i da wannan a hannu, ya san da wanda yake magana.

Baje koli shi ne inda hidimar jakadanci da aljihunka suke haɗuwa, kuma nan ake yawan asara. Na abinci da suka dace da kayanka su ne Gulfood a Dubai a farkon shekara, Anuga a Cologne a Oktobar shekarun mara, SIAL a Faris a Oktobar shekarun cika, da baje kolin shigo da kaya na Shanghai da ake yi kowace Nuwamba tun 2018. Akwai kuma na cinikin tsakanin ƙasashen Afirka, wanda aka yi a Alkahira a 2018 da 2023, Durban a 2021, da Aljiyas a 2025. In NEPC ta kama rumfar ƙasa, shiga ƙarƙashinta ya fi kama taka araha nesa ba kusa ba. Ka fara shiri wata shida kafin lokaci, domin layin biza ne yake kayar da mutane. Wasiƙar ofishin jakadanci ko ta hukuma tana ƙarfafa takardunka, amma ba ta tilasta wa kowa ya ba ka biza. Ka aika samfur da wuri da takardar lafiyarsa, kada ka cusa shi a akwati a ƙwace a filin jirgi. Mafi muhimmanci, ka nemi jami'in ciniki ya taimaka a tsara maka ganawa da masu saye tun kafin ka tashi. Wanda ya je da alƙawarin ganawa goma ya yi kasuwa. Wanda ya je ya zauna a rumfa yana jiran mai wucewa, yawon buɗe ido ya je da kuɗin jari. A tafiyar farko ma ba laifi ka je a matsayin mai kallo, ka ga yadda 'yan Sudan da Indiya da Habasha suke gabatar da riɗinsu, ka ji farashi.

In rigima ta taso, misali mai saye ya ce kaya ba su kai ba yana neman ragi bayan sun isa, ofishin zai iya ba ka sunayen lauyoyi, ya kira ɓangarorin a zauna, ya rubuta wa ƙungiyar 'yan kasuwar garin. Wannan yakan yi tasiri ga kamfanin da yake jin kunyar sunansa. Ba zai shiga kotu a madadinka ba, ba zai biya maka lauya ba. Kariyarka ita ce kwangila a rubuce da ta ce sakamakon kamfanin bincike mai zaman kansa a tashar lodi shi ne hukunci kan inganci da nauyi.

Kada kuma ka tsallake maƙwabta. A ƙarƙashin tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, kayan da aka yi wa rajista suna shiga ƙasashen ƙungiyar ba harajin kwastan, kuma a Najeriya kwamitin da yake amincewa da rajistar a Ma'aikatar Harkokin Waje yake. Ga mai sarrafa kaya, kamar garin zoɓo ko man riɗi a kwalba, Accra ko Abidjan makaranta ce mai sauƙi kafin Hamburg. Hanyar Nijar kuwa sai an riƙa tambaya kafin a yi lodi, tunda an rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Yanzu ga ƙanenka. Abin da yake hannunsa mai daraja ne. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Wannan ma aikin diflomasiyya ne, domin ta ofishin wakilcin Najeriya a UNESCO da ke Faris ake bin irin wannan fayil har ya kai ga amincewa. Amma shiga jerin ba ya kawo baƙo ko ɗaya da kansa. Abu uku ne suke yanke hukunci ko baƙo zai zo: biza, gargaɗin tafiya, da tabbacin rana.

Biza ta yi sauƙi a kan da, tunda a Mayun 2025 Najeriya ta koma bayar da ta gajeren zama ta intanet. Ya koyi tsarin sosai har ya iya bi da baƙo mataki-mataki, ya tanadi wasiƙar gayyata da shaidar masauki, ya tuna masa da katin rigakafin shawara. Ƙasashen da suka ci gajiyar yawon buɗe ido daga nan suka fara. Ruwanda ta buɗe biza a filin jirgi ga kowa da kowa a farkon 2018, a shekarar da ta fara tallata kanta a rigar Arsenal. Ghana kuma a 2019 ta yi shekarar kiran jikokin bayi su dawo gida, ofisoshinta na Amurka da Birtaniya suka zama wuraren tallar.

Gargaɗin tafiya shi ne babban dutse. Amurka tana da matakai huɗu, Birtaniya tana raba taswira da launi, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wuraren da ake gargaɗi a kansu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba tsoro kaɗai yake hana baƙo ba: inshorar tafiya takan daina aiki in mutum ya je inda gwamnatinsa ta ce kada a je, kamfanin yawon buɗe ido na Turai kuma ba zai sayar da tafiyar da inshora ba ta rufe ba. Ma'aikatun wajen ƙasashen ne suke fitar da gargaɗin nan, amma suna dogara da rahoton jami'an ofisoshinsu da suke Abuja, da abin da suka gani da abin da aka faɗa musu. Saboda haka gwamnatin jiha da take son baƙi, maimakon ta kashe kuɗi a rumfar baje kolin yawon buɗe ido na ITB a Berlin ko WTM a Landan alhali gargaɗi yana nan, gara ta gayyato waɗannan jami'ai ta hannun sashen karɓar baƙi na Ma'aikatar Harkokin Waje, ta nuna musu tsarin tsaro daga filin jirgi zuwa masauki zuwa Ƙofar Kudu, ta nemi a bambanta cikin birni da dajin da ake fama da shi. Jakadu sun daɗe suna zuwa kallon hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau. Al'adar tana nan, amfani da ita ne ya yi ƙaranci.

Tabbacin rana kuwa, kamfanonin waje suna tsara tafiya wata shida zuwa shekara kafin lokaci, sallah kuma tana bin wata, tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar sallah ba a tabbatar da ranarta sai daren da aka ga wata. Babbar sallah ana saninta kusan kwana goma kafin ta zo, don haka ta fi sauƙin sayarwa. Ya tsara tafiyar kwana biyar ko shida da za ta haɗiye saɓanin kwana ɗaya, ya cike ragowar da marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama, Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, in hali ya yi har Gobarau a Katsina da Kusugu a Daura. Kuma ya faɗa wa baƙo gaskiya a rubuce cewa ana iya soke hawa, domin an hana shi a Kano a 2024 da 2025 saboda rikicin masarauta, Argungu ma ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Ya rubuta abin da zai mayar in haka ta faru, da garin da za a koma kallo. Kamfanin waje da ya mayar wa mutane kuɗinsu sau ɗaya saboda ba a gaya masa ba, ba zai sake sa Kano a jadawalinsa ba.

A shawarata kada ya fara da Turawan da suke Turai. Ya fara da waɗanda gargaɗi bai cika hana su ba: ma'aikatan ofisoshin jakadanci da kamfanoni da suke zaune a Abuja da Legas, 'yan Najeriya mazauna waje da suke son 'ya'yansu su ga gida, da Hausawan zango na Kumasi da Accra da na Kamaru da Sudan da Saudiyya, waɗanda da yawansu Kano ce asalin kakanninsu. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba su buƙatar biza har kwana 90. A nan ofishin jakadanci yake da abin bayarwa na zahiri, domin ya san shugabannin ƙungiyoyin 'yan ƙasa a garinsa, yana kuma tara su a bikin 1 ga Oktoba. Ƙanenka ya aika wa jami'in yaɗa labarai ko na al'adu takarda mai shafi biyu, da Turanci da Faransanci ko Larabci gwargwadon ƙasar, mai ɗauke da ranaku, farashin mutum ɗaya, sunan masauki, yawan mutanen da zai iya ɗauka, tsarin tsaro, shaidar rajistarsa da hukumar yawon buɗe ido, da gajeren bidiyo. Ya nemi a raba ta ga ƙungiyoyin, a kuma haɗa shi da kamfanonin tafiye-tafiye biyu ko uku na garin. Rukunin farko kada ya wuce mutum goma zuwa goma sha biyu, iyakar abin da mota ɗaya da jagora ɗaya za su riƙe, kuma ya nemi izinin wurin zama a rumfar kallo daga masarauta tun da sauran watanni, a rubuce.